Rasuwar Iya Mai Tari, Motar Sintirin Gandun Daji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har tana tumbatsa, da gwiwar hagu a kumbure, babban mai gadin gandun dajinmu na ƙasa, wanda kowa ke kira Baba Sintiri, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar aikinsa Iya Mai Tari, motar sintiri ɗaya tilo da gandun ya mallaka. Rai ya yi halinsa da hantsin Talatar da ta wuce, a gindin wata kuka da ke ƙasan tudun ofis. Ta rasu a bakin aiki, tana gudun da ba ta taɓa yin irinsa ba, kuma babu kowa a cikinta.

An kawo marigayiya gandun tana fara sol, ko ledar kujeru ba a cire ba. Kyauta ce daga wasu baƙi masu ƙaunar namun daji, waɗanda suka ɗauki hoto da ita suka tafi, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. A lokacin Baba Sintiri saurayi ne, kansa babu furfura ko ɗaya, shi aka miƙa wa makulli. Marubutan soyayya sun ƙarar da tawada a kan masoyan da suka haɗu ƙarƙashin farin wata, amma har yau ban ga wanda ya rubuta yadda zuciyar namiji ke harbawa sa'ad da ya murɗa makulli inji ya amsa tun kiran farko ba. Baba ya san wannan daɗi. Sai dai daɗin duniya gajere ne.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta da haƙuri. Ta sha mai gauraye da kananzir ba ta yi ƙorafi ba. An cika mata lagireto da ruwan tafki har da 'ya'yan kwaɗi, ta haɗiye. Ta ɗauko barewar da tarko ya karya wa ƙafa, ta kai matar mai tsaron ƙofa asibiti tana naƙuda, kuma shekara da shekaru tana dakon buhunan kashin giwa na Malama mai bincike, wadda ke tona su tana rubuce-rubuce, ba ta taɓa toshe hanci ba. Da ƙofarta ta fara faɗuwa, da wayar tarkon da aka ƙwace daga mafarauta aka ɗaure ta. Haka bambar gaba, haka murfin inji. Shi ya sa ake cewa a gandun, mafarauta sun fi hedikwata samar wa Iya kayan gyara.

Muryarta ce babban abin da za a yi kewa. Tun ranar da salansarta ta zauna a cikin wani rafi, Iya ba ta sake magana a hankali ba. Takan fara da gyaf, gyaf, gyaf, kamar tsohuwar da ƙwayar barkono ta shaƙe, ta yi shiru har a fidda rai, sannan ta saki buuum ɗin da ke tayar da zabi daga ciyawa. Baba Sintiri ya gane amfanin wannan tari. Gandun da a da mutum talatin ke gadinsa ya yi ta zubar da ma'aikata kamar bishiya a rani: wannan ya yi ritaya, wancan an yi masa canjin wurin aiki, wani ya gaji ya koma sayar da katin waya, kuma ba a maye gurbin ko ɗaya ba. Sai ya zama Baba na kewaya iyaka da Iya, tana tari gabas tana tari yamma, ɓarayin haure na jiyo ta daga nesa suna zaton runduna ce. A inuwar wannan tari ne ragowar garken giwayen gandun suka rayu. Garke ne da ba ya cika yatsun hannu biyu, amma a daminar bana aka haifi ɗan giwa, na farko cikin shekaru masu yawa. Ranar da Malama ta gan shi yana tuntuɓe, haurensa bai ko tsiro ba, sai da ta zauna a ƙasa ta yi kuka.

Ciwon ajali ya fara ne da mutuwar kik. Daga nan Iya ba ta tashi sai da turi, kuma mace ce mai nauyi, sai ƙarti huɗu ke motsa ta. Aka yi ta turawa har masu turin suka koma uku, suka koma biyu, suka koma Dogo shi kaɗai, wanda tsayi gare shi ba ƙarfi ba. Da Baba ya kai kuka, hedikwata ta amsa cewa ta lura da batun da idon basira. Ido kuwa ba ya tura mota.

Nan Baba ya fito da dabarar da gandun ya rayu a kanta. Ba a kashe Iya sai a kan tudu, hanci na kallon gangare, kuma da yake birkin hannu tuni ya riga mu gidan gaskiya, sai a sa mata ƙaton dutse a gaban taya ya zama waigi. In za a fita, Baba ya shiga ya kama sitiyari, Dogo ya janye dutsen, mota ta gangara, Baba ya saki kuloci, Iya ta yi tari ta tashi, Dogo ya biyo da gudu ya ɗane baya. Duk hanyoyin sintiri aka sake tsara su suka bi tuddai. Har binciken Malama bai tsira ba, domin duk abin da duniya ta sani game da giwayen gandun nan, game da waɗanda ke kiwo kusa da tudu ne.

A ranar Talatar, Dogo ba ya nan. An kira shi birni taron bita kan yadda za a jure ƙarancin ma'aikata. Mai tsaron ƙofa yana can nesa a ƙofarsa. Malama tun da safe ta taka da ƙafa zuwa mashaya, inda garken ke shan ruwa. Baba na zaune a ofis sai ya jiyo ƙarar bindiga daga wajen mashayar.

Ya fito ya dubi Iya, ya dubi dutsen. Mutum ɗaya ne, aiki na mutum biyu. Zuciyarsa ta raya masa cewa abin da Dogo ke yi kullum ba abin gagara ba ne, ta mantar da shi shekarunsa. Ya murɗa makulli, ya cire giya, ya bar ƙofa a buɗe, ya sunkuya ya janye dutsen, da niyyar ya bi ta da gudu ya faɗa kujera. Taku na farko lafiya. A na biyu gwiwar hagu ta ce ba da ita ba.

Yana kwance a ƙasa ya ga masoyiyarsa ta tafi sintiri ita kaɗai, ƙofa na lilo, babu tari, babu ko gyaf, shiru kamar mai fushi. Ta ratsa ciyawa, ta tsallake kwazazzabo, ta rungumi kuka da ƙarar da ta girgiza dajin. Sai ga abin al'ajabi: hon ɗinta, wanda rabon da a ji shi tun Baba na da baƙin gashi, ya maƙale yana fiiiiii ba ƙaƙƙautawa. Malama, wadda ke laɓe a bayan suri, ta shaida cewa mutanen da ke bin garken sun watsar da buhunansu sun ranta a na kare. Harbin farko bai sami kowa ba, na biyu kuwa ba a yi shi ba. Iya ta yi ta ihu har batir ya ƙare, sannan ta cika.

Da bakanike ya zo ya leƙa, ya cire hula. "Baba, ka yi haƙuri. Ko wanda ya ƙera ta aka kira, gaisuwa kawai zai yi maka."

Marigayiya ta bar Baba Sintiri, da Dogo wanda ya dawo daga bita da takardar shaida da jaka mai tambari, da Malama da buhunan da babu mai ɗaukar su. Ta bar safaya guda wadda ita ma ba ta da iska, da wani gidan ɓeraye a ƙarƙashin kujerar baya. Ta kuma bar garken giwaye da ɗan giwan da bai san rasuwarta ta mayar da shi maraya ba. Hedikwata ta aiko da saƙon ta'aziyya, tare da albishir cewa za a kafa kwamiti ya binciki dalilin da ya sa motar hukuma ta fita aiki ba direba.

Da ake shirin fitar da wannan sanarwa, Malama ta tsaya a kan Baba yana gasa gwiwa da ruwan zafi.

"Baba, ka san mafarauta ma suna karatu? Kai da bakinka za ka gaya musu Iya ta mutu?"

"'Yata, ai shirun ya riga ya gaya musu. Tun Talata suke kasa kunne. Mutanen hedikwata ne kawai ba su ji ba, su da ba su taɓa jin tarinta ba."

"To in sun dawo fa? Ni da biro zan tare su, ko Dogo da jakarsa?"

Dogo ya ce, "Malama, jakar nan fa mai kyau ce."

Baba bai yi dariya ba. Ya dubi wajen mashaya ta taga, sannan ya faɗi yadda za a yi jana'iza, kuma ga shi kamar yadda ya tsara.

Ba za a kai marigayiya wurin 'yan gwangwan ba. Za a ja gawarta da shanun makwabta zuwa bakin mashaya, a ajiye ta inda za a hango ta daga iyakar gabas. A can za a yi zaman makoki, ba a ofis ba. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa su zo da yawa, su zo da abin zama da ruwan sha, kuma mai tsohuwar mota ko babur marar salansa shi ake so a sahun gaba. Duk wanda ya zo, ya kewaya iyaka sau ɗaya kafin ya zauna. Ba a buƙatar nutsuwa. Mai son kuka ya yi da ƙarfi.

Da Dogo ya tambayi ranar tashi daga makokin, Baba ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar.

"Ka rubuta babu. Gobe ku ɗauke ni da tabarmata ku kai ni mashaya. Ina nan zaune ina karɓar gaisuwa har sai an kawo mota da mutanen da za su shiga cikinta, ko ɗan giwan nan ya yi girman da zai yi gadin kansa."