Haƙoran Goggo Tabawa a Gaban Majalisa

A wani daji da ke tsakanin duwatsu biyu, akwai wata tsohuwar kura da ake kira Goggo Tabawa. Aikinta fasa ƙashi. Idan manyan dawa suka ci suka tashi, sai a kwaso ƙasusuwan a jibge mata a gindin tsamiya, ta farfasa, ƙanana su samu ɓargo. Babu wanda ya naɗa ta. Sau ɗaya ta yi, don tausayin wani marayan ɗan dila, aka ga ta iya, shi ke nan aikin ya zama nata shekara goma sha ɗaya.

Wata safiya aka ga jini a jikin ƙashin da ta ajiye. Ta ce ba komai. Washegari ta kasa rufe bakinta sosai, sai maganar ta kai majalisa.

Ɓauna, shugaban majalisa, ya sa aka kira Carki, tsuntsuwar da ke cire wa manya kaska, wadda ta leƙa bakuna da yawa a rayuwarta. Ta shiga bakin Goggo har wuya, ta daɗe, sannan ta fito ta goge baki a reshe.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, haƙori kamar turke yake, dasashi kuma ƙasar da ta riƙe shi. Tun da haƙorin turminta na hagu ya ɓantare, Goggo da dama kaɗai take tauna, nauyin da baki duka zai raba ya koma kan haƙora uku. Ga guntun nama ya maƙale a gindinsu, dasashin ya kumbura ya ja baya. Ƙasa ta yi laushi, kuma kullum ana jijjiga turken. Biyu za su iya tsayawa idan ta huta da ƙashi wata uku, ina share mata gindinsu. Na ukun kuwa, sai addu'a."

Kowa ya jinjina kai. Sai Dila ya miƙe, wato marayan nan na da, wanda yanzu ya zama mai faɗa a ji. Idonsa cike da ƙwalla ya ce, "Ni da bakin Goggo na rayu. Abin kunya ne a ce yau mun sallame ta kamar wadda ta gaza. Ina ba da shawara a karrama ta. A yi taro, a naɗa ta Uwar Ɓargo, a miƙa mata ƙashin cinyar raƙumin dawa, mafi girma da muke da shi."

Aka yi ta tafi. Carki ta ce, "Ai ƙashin ne ciwon," amma muryarta ƙarama ce. Domin kada a ce an yi watsi da ita, aka kafa kwamitin binciken haƙora. Aka ba Kunkuru shugabanci, saboda ba shi da haƙori ko ɗaya, ba zai nuna son kai ba.

Ranar taro Goggo ta zo da kumatu a kumbure. Aka yi jawabai, aka ajiye ƙashin a gabanta. Ta dubi Carki, ta dubi ƙananan da suka zagaye ta suna haɗiyar yawu. Ta ce a hankali, "Yaran nan sun zo da yunwarsu. Da wane ido zan ce musu su koma?"

Ta kafa baki ta danna. Ƙashin bai fashe ba. Da ta ɗago, haƙorinta na tsaye a jikinsa, jini na zuba a ƙirjinta.

Dila ne ya fara isa wurinta. "Goggo, ni na jawo miki."

Ta ce, "Kai dai tun kana ƙarami ba ka jin magana sai ka gani. Daina kuka, kana tsorata yara."

Bai jira majalisa ba. Ya ruga wurin Biri, wanda kowa ya san da dutse yake fasa ƙwallon goriba, ya roƙe shi. Biri ya ce shi fa ba a taɓa tambayarsa ba. Ya ɗora ƙashin a kan falalen dutse, duka uku ya tsage. Goggo na kwance tana ba da umarni ta gefen baki: "Ba nan ba, ɗan nan, kusa da gaɓa."

Tun daga ranar Biri ke fasawa, Dila ke kawo mata hanta da nama mai laushi, Carki na zuwa kullum da hantsi. Kafin damina ta wuce kumburin ya sace, haƙora biyun suka tsaya. Goggo takan ɗan taɓa ƙaramin ƙashi idan ta ga ba kowa, Carki kuma takan yi kamar ba ta sani ba.

A shekara ta biyu Kunkuru ya miƙa rahotonsa, majalisa ta karɓa da godiya. Kwamitin ya gano cewa ƙashi yana da tauri.