Gasarar da Ari Ya Sha

Wata shida Gumsu ta yi tana kaɗin zaren nan, ido na hazo, yatsu na rawa, ta kuma sani a ranta daga shi ta ajiye mazari ke nan. Zanen goyo take so a saƙa wa jikarta Mardiyya kafin suna ranar Asabar. Ta aika wa jikanta Ari, masaƙi a bayan kasuwar Haɗejiya, haɗe da ƙwaryar gasara da zai jiƙa zaren tsaye don kada ya riƙa tsinkewa. Ranar Alhamis ta dogara sanda ta je dubawa, ta gaishe shi.

"Lafiya lau, amaryata. Wa ya bar ki kika fito ke kaɗai? Iska ɗaya ta kai ki garin Baturiya."

"Rufe min baki, mijin da ko sabulu bai taɓa saya min ba."

Ta sunkuya ta shafa zaren, ta ji shi laƙwas, ko ƙamshin gero babu.

"Ari, ina gasarata?"

Ya gyara zama kamar mai wa'azi, ya ce ai saƙar zamani ba ta son gasara, manyan masaƙu sun daina tuni.

"Manyan masaƙu ko babban tumbi?"

"To, na duba na ga tsakanina da zaren, ni na fi kusa da tsinkewa."

"Ka shanye! Da na san ɓera na aura, da tun a zanen goyo na sake ka."

Ta ce ta san zanen ya cika da ƙulli kamar bayan kada, yau ya kunyata ta a gaban dangi. Wannan kam ba da wasa ta faɗa ba. Ari ya warware abin da ya saƙa, kamu huɗu, ya ɗora mata a hannu.

"Nemo ƙulli ɗaya, in biya sadakinki sau biyu."

Ta bi shi da yatsa daga baki zuwa baki, ta sake komowa. Babu.

"Ko sau ɗaya bai tsinke ba, tsohuwa. Zaren kanti ma sai na jiƙa shi."

Daɗi ya cika Gumsu har ya ba ta haushi. Ta goge ido da gefen mayafi, ta kwance goro ta jefa masa tana dariya.

"Ungo, ɓarawo. Akwai sauran auduga a gida, kada ka naɗe kayan saƙarka tukuna."