Rasuwar Labulen Bangon Kicin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da ta yi nauyin ɗagawa, mai gidan abincin nan na bakin kwana tana sanar da rasuwar babban labulenta, mai kauri, ruwan ƙasa, wanda ya rufe bangon kicin daga silin har ƙasa tun ranar da aka buɗe wurin.

Marigayin ba mai kyau ba ne, shi ma bai taɓa cewa yana da shi ba. Amma yana da zurfin ciki. Ƙarar cokali a faranti, kukan jarirai, gardamar 'yan ƙwallo, gyatsar manya, duk ya haɗiye bai mayar wa kowa ba. A zamaninsa mutum kan yi wa matarsa magana a teburin tsakiya ba tare da na teburin taga ya sa baki ba. Ba a san shi da surutu ba, in ban da "shuu" idan an ja shi, da ɗan "kacau" na zobbansa.

Ciwon ajalinsa wanki ne. Mai gidan ta ga ya yi duhu, ta sa aka sauke shi aka jiƙa a ruwan zafi da bilic, ashe maiƙon shekaru ne yake riƙe da zarensa. Da aka ɗago shi, rabi ya zo hannu, rabi ya zauna a baho.

Ya bar sandar ƙarfe ɗaya, da zobba marayu, da tayil da gilashi da bangon siminti, waɗanda babu mai halinsa a cikinsu. Duk abin da suka ji sai sun maimaita, har da ƙari.

Washegarin rasuwar, tsohon malamin makarantar nan da yake cin abincin rana a wurin tun bayan mutuwar matarsa ya zauna a kujerarsa, ya miƙo kwano a ƙara masa miya kamar kullum. A kicin kuwa an daɗe da raɗa masa suna Ƙaro-Miya, kuma mai gidan ce ta raɗa. A ranar nan ma ita ta kira sunan da ƙarfi, ta kwaikwayi yadda yake tsotsar yatsu, masu girki suka kwashe da dariya. Bango ya ɗauka ya ba gilashi, gilashi ya kai har teburin taga, inda Malam yake zaune. Malam ya ajiye cokali, ya goge hannu, ya gyara kujerar ta koma mazauninta, ya fita a hankali. Bai dawo ba. Sai a lokacin mai gidan ta san iyakar abin da marigayin ya yi shekaru yana rufa mata.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan an tashi aiki. Za a yayyanka abin da ya saura a manna a ƙarƙashin tebura da tafin ƙafafun kujeru, ya ci gaba da ɗan abin da zai iya. Masu zuwa gaisuwa su yi ƙasa da murya, ɗakin ba shi da sirri yanzu.

An manna wannan sanarwa a kan hanyar da Malam yake bi zuwa gida, domin mai gidan ta je har ƙofarsa, ta tsaya, ta kasa yin sallama. Idan ya zo, zai same ta a bakin ƙofa, ba a kicin ba.