Ranar da Na Zagi Digirina a Zauren Surukai

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Shinkafi ba, ranar da na zauna a gaban surukaina na yi wa digirin da na sha wahalar shekara biyar a kansa kaca-kaca, da bakina, ba wanda ya sa ni.

Ni ɗan Kaura Namoda ne, babana Garba manomin gero da dawa. Shekarar da muka gama sakandare kowa a ajinmu kwamfuta yake so ya karanta, har waɗanda ba su taɓa ganin an kunna ta ba. Ni ma ita na cike. Sai makina bai kai ba, jami'a ta tura ni sashen injiniyancin noma. Aboki ɗaya na gaya wa, ya yi dariya har da buga ƙafa, ya ce wato na baro garma a gida na tafi a koya mini garma da Turanci. Maganar ta tsaya mini a rai. Da na dawo hutun farko aka tambaye ni a majalisa abin da nake karantawa, sai na ji bakina ya ce, “Kwamfuta.” Kalma ɗaya ce tak, amma shekara biyar na yi ina gadinta.

Abin haushin shi ne ina son karatun nawa, kuma na iya shi. In ka ba ni injin ban-ruwa, daga jin ƙararsa zan gaya maka abin da ke damunsa. Da lokacin horon aiki na wata shida ya zo, na ƙi yi a Kaura don kada a gan ni. Na tafi garin Kasuwar Daji wurin wani Malam Isa mai walda, wanda yake ƙera injin casa yana kuma gyaran na ban-ruwa. Kullum da safe zan fito tsaf da jakar kwamfuta a kafaɗa in hau mashin (abin da ke cikin jakar sifana ne da tsohuwar riga mai baƙin mai). 'Yan unguwa kuwa suka mai da ni likitan waya. In an kawo, sai in kashe in kunna. In ta tashi in ɗaga kafaɗa kamar ba komai, in ta ƙi in ce sai an kai Gusau. Kawuna Sani, ƙanin mahaifiyata, ya taɓa kawo tasa, na danna abin da ban sani ba lambobinsa duka suka goge. Na ce masa cuta ce ta shige ta, ya yi mini godiya da na gano da wuri.

Bayan bautar ƙasa na haɗu da Hadiza a wani biki, 'yar Shinkafi ce. Ita ma, Allah ya yafe mini, kwamfutar na gaya mata. Magana ta yi nisa, manya suka je, sai wan babanta Alhaji Mamman, wanda shi ne waliyyinta, ya aiko cewa a turo masa yaron ya gan shi. Na san ana yin bincike kafin a ba da aure, kowa ya san wannan. Amma ni a tunanina binciken masallaci ne da unguwa: yana salla, ba ya shaye-shaye, ba ya faɗa da mutane. Ta nan kuwa ba ni da fargaba.

Muka tafi da Kawu Sani da hantsi don mu juyo da wuri saboda hanya. Na sha babbar riga ta aro, na fesa turare har direba ya sauke gilashi. A zauren muka tarar da Alhaji a kan darduma, da wasu dattawa biyu, sai yayan Hadiza, Nasiru, zaune a gefe. Bayan gaisuwa Alhaji ya dube ni da kyau.

“Yaro, an ce mani ka yi jami'a. Ni ban yi boko ba, ga jikoki na tasowa. Hwaɗa mani, cikin karatun injiniyanga, wane ad da abinci?”

Wayyo ni. Na ga dama ta samu, na gyara zama na buɗe baki. Na ce akwai injiniyan gine-gine, su ne masu hanya da gada, aikinsu ba ya ƙarewa amma sai ka jure rana da jiran kwangila. Akwai na lantarki, yanzu da sola ta shigo ko a ƙauye ba sa rasa abin yi. Akwai na injuna, su masana'antu ke nema. Akwai na man fetur, amma sai ka yarda ka yi nisa da gida. Sannan na ja numfashi na zo kan kwamfuta. Na ce a nan akwai masu rubuta manhaja, akwai masu tsare bayanan banki daga ɓarayin intanet, mutum yana zaune a ɗakinsa yana yi wa kamfanin wata ƙasa aiki. Na dafa ƙirji na ce, “Shi na nawa, Baba.” Kawu Sani yana ta gyaɗa kai kamar shi ya koya mini.

“Madalla,” in ji Alhaji. “To na noma hwa? An ce akwai shi.”

Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Me ya sa tsoho zai tsallake duk waɗancan ya tambayi wannan? Ni kuwa baki ya riga ya yi zafi. Na yi 'yar dariya irin ta masu ilimi.

“Baba, wannan ai na waɗanda makinsu bai kai ba na. Mutum shi baro garma gida, shi tahi jami'a a koya mai garma da Turanci. In sun ƙare sai dai zaman garejin walda.”

Na jira a yi dariya. Ba wanda ya yi. Alhaji ya juya ya dubi dattijon da ke damansa.

“Ashe Isa ƙarya yay yi mani.”

Alhaji ya ci gaba a tsanake, ba tare da ya dube ni ba. Ya ce yana da fadama wajen Badarawa, albasa da shinkafa, kuma shekara da shekaru Isa na Kasuwar Daji ke yi masa gyaran injuna. Da aka kawo maganar aurena, wurinsa ya fara aikawa. Isa ya ce in dai ɗan Garba ne na Kaura a ba shi ido rufe, don injiniyan noma ne, bai taɓa ganin yaro mai hannunsa a kan injin ban-ruwa ba.

“Ni da nij ji haka nic ce an ba shi. Mai kwamfuta ai muna da shi, ga ya nan.” Ya nuna Nasiru da haɓa. “Shina samun abincinai, alhamdu lillahi. Amma in injin yam mutu fadama, iyakarshi shi ɗauki hoto nai.”

Sai a lokacin Nasiru ya yi magana, cikin ladabi kuwa, wanda ya fi zagi ciwo.

“Ashe abokin sana'a na samu. Wace manhaja kar rubuta ga aikinka na ƙarshe?”

Aikina na ƙarshe a jami'a injin ɓarar gyaɗa ne (har yabo na samu a kansa). Na ce, “Ta sirri ta.”

“To,” in ji Alhaji yana tattara carbinsa. “Tunda ba kai ba na, wataƙila wani ɗan Garba anka hwaɗa muna, kai ba mu bincike ka ba ke nan. Ku tahi, ma neme ku.”

Duk wanda ya san dattawanmu ya san abin da “ma neme ku” ke nufi. Kawu Sani ya fara tattara rigarsa. A bayan ƙofar cikin gida na ji faranti ya yi ƙara, na san Hadiza tana nan tana ji. Gumi ya jiƙa rigar mutane. Na ga aurena yana sulalewa a kan abin da ko kunna shi ban iya sosai ba. Na buɗe baki, wata 'yar siririyar murya da ban san ina da ita ba ta fito.

“Baba... ni na.”

“Kai na wa?”

“Wanda Isa yac ce.”

“Wane? Wanda makinai bai kai ba?”

“Shi.”

“Mai zaman garejin walda?”

“Shi, Baba.”

Dattijon da ke dama ne ya fara fashewa, ya toshe baki da hannun riga yana tari. Nasiru ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Kawu Sani kuwa bai yi dariya ba. Ya juyo gaba ɗaya ya zuba mini ido.

“Kai! To wayata hwa? Wace cuta ta shige ta?”

Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba na fatan in sake.

Da dariya ta lafa, Alhaji ya ce na faɗi magana biyu a zama ɗaya, shi kuwa bai san wadda zai kama ba, don haka injin ne zai raba gardama. Auren da aka so a ɗaura bayan Salla ya koma sai an cire albasa. Ranin nan gaba ɗaya a fadamar Badarawa na yi shi, cikin taɓo, ina kwance injuna ina ɗaurawa, 'yan ƙauyen suna kirana “Mai Kwamfuta” don labari ya riga ni isa.

Wannan duk mai sauƙi ne. Hadiza ta yi mako uku ba ta ɗauki wayata ba. Ranar da ta ɗauka na fara rantsuwa cewa tsoro na ji kada ta raina ni. Ta bari na gama tsaf.

“Ni karatunka bai dame ni ba,” in ji ta. “Amma uban da yas sai da geronai yak kai ka jami'a, garmatai ta kaka jin kunya?”

Da yammar nan na je na durƙusa gaban babana na gaya masa abin da na karanta. Ya ce ashe shekara biyar yana da injiniyan noma a gida yana kai injin casarsa gyara wurin wasu. Bai ƙara komai ba, ni kuwa na fi son da ya zage ni.

An ɗaura auren. Yanzu aikina haɗa wa manoma ban-ruwa na sola tsakanin Shinkafi da Zurmi, kuma ban taɓa zama ba aiki ba. In ɗaliban sakandare suka tare ni suna tambayar wane kwas ne ke da abinci, gine-gine ko lantarki ko kwamfuta, sai in ce musu kowanne yana da shi in ka iya. Abin da nake ƙara musu ɗaya ne: duk wanda ka samu, ka koyi faɗin sunansa da ƙarfi tun yanzu, don ranar da za ka shiga zauren surukai, sun riga sun tambayi mai walda.