Giwar Ƙarfe a Cikin Lefe

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai lefen aurena Kurfi ba, kuma ko na so in manta, surukaina ba za su bari ba.

Ni ma'aikacin gidan rediyo ne, aikina fassara labarai da karanta su. Ina cikin mutanen nan da in ka ce "wai an ce", sai sun tambaye ka wa ya ce, a ina, yaushe. Duk sabon ma'aikaci ya haddace karatuna: kada ka ba mai sauraro kanun labari ka hana shi cikonsa. (Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.)

Abin da masu sauraro ba su sani ba, duk ranar Asabar ni kwamandan yaƙi ne a wata duniya. Abokina Dokta Sagir, mai koyarwa a nan Dutsin-Ma, shi ya zo mana da wasan daga inda ya yi karatu. Ana shimfiɗa taswirar wani matsuguni da 'yan Adam suka kafa can a sararin samaniya, mu mun raɗa masa Zangon Ƙarshe. Kowa yana da rundunarsa ta mutum-mutumin yaƙi. A cikin labarin kowanensu ya kai hasumiyar masallaci tsawo, a hannu kuwa bai fi ɗan yatsa ba. Ana auna tafiyarsu da tef irin na tela, a jefa ƙwayar ludo mai fuska ashirin a ga ko harbi ya samu. Ni na mayar da dokokin wasan zuwa Hausa, ni ne kuma mai ba da labari. Rundunata da hannuna na yi mata fenti, babbarsu ita ce Giwar Ƙarfe, mai igwa biyu a kafaɗa.

Zulaihat, wadda nake nema, ta san ina da "wasa da abokai". Ta ɗauka dara ce, ni kuma ban gyara mata ba. Mahaifinta malami ne mai makarantar allo a Kurfi, gida ne da ko karta ba a ambata.

Da na sayo akwatunan lefe na ajiye a ɗakina, sai na lura ƙaramar cikinsu tana da laushi daga ciki, ga 'yan aljihuna kamar don rundunata aka ɗinka. Na ce bari in ara kafin lokaci ya yi. Na naɗe kowane a ƙyallen farin yadi, na jera su, ƙwayoyin ludo na zuba a 'yar jaka. Ranar da Gwaggo Hansai, ƙanwar mahaifina, ta zo da ƙanwata Rabi su fara shirya kaya, na nuna akwatin na ce, da muryar da nake karanta sanarwar gwamnati: "Wannan kada kowa ya buɗe ta. Abin da ke ciki ya fi mini duk sauran daraja." Na sa takalmi na tafi aiki, ina ganin na gama bayani.

Ranar Asabar ɗin da za a kai kaya ina da aikin safe. Da na tashi na biya gida in ɗauki runduna, don ranar ce za mu kare madatsar ruwan Zangon Ƙarshe. Na tarar da ɗaki wayam. Ina tsaye ina kallon gurbin akwatin wayata ta yi ƙara.

"Yaya," in ji Rabi, muryarta ƙasa-ƙasa, "mi ka sa a ƙaramar akwati?"

Ga yadda abin ya faru, kamar yadda shaidun gani da ido suka tabbatar mini daga baya. An baza tabarmi a tsakar gida, matan unguwa sun cika. Gwaggo tana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya, atamfa, leshi, takalma, ana sa albarka. Ƙaramar ta ajiye ta gefe, tana dafa ta lokaci-lokaci. Da aka zo ƙarshe ta gyara zama ta ce: "To, jama'a, wagga ko mu ango bai bari mun gani ba. Ya ce ta fi duka." Wata ta ce zinare ne. Wata ta rangaɗa guɗa tun kafin a zuge. Gwaggo ta ɗauko ƙunshi mafi girma, ta warware shi a hankali, ta ɗaga sama don na baya su gani.

Rabi ta ce mai guɗar a tsakiya ta yanke.

'Yan gumaka a naɗe cikin farin ƙyalle kamar likkafani, ga ƙwayoyi masu lambobi, a gidan malami. Ba sai na gaya muku abin da aka fara raɗawa ba. Kafin azahar saƙo ya iso: Malam yana son ganina, kuma an dakatar da maganar sa rana.

Na sa babbar riga na kama hanyar Kurfi. Gaskiya ban firgita ba. Na ce a raina, mutumin da yake bayyana wa jama'a kasafin kuɗi ba zai kasa bayyana wasa ba.

Na sami Malam a zaure bisa buzu, ƙaninsa Alhaji Isiya a gefe. Rundunata tana jere a kan tabarma kamar waɗanda aka kamo. Na durƙusa na gaida su.

"Duba kake yi?" in ji Alhaji Isiya, ko amsa gaisuwar bai gama ba.

"A'a, Alhaji."

"To caca?"

"Ko kwabo ba a sawa."

Na juya ga Malam. "Allah gafarta Malam, wannan wasa ne na dabarun yaƙi, wanda aka gina a kan hasashen rayuwar ɗan Adam bayan ya yi ƙaura zuwa wasu duniyoyi, inda ƙarancin ruwa ya haddasa takun saƙa tsakanin..."

"Malam ɗan jarida," in ji shi a hankali, "ba labaran duniya na tambaye ka ba. Yi mu gani."

Nan ne ya kamata in yi a taƙaice. Amma ku fahimce ni, ban taɓa ba da labarin Zangon Ƙarshe rabi-rabi ba. Na mayar da butar Malam madatsar ruwa. Takalmin Alhaji ya zama tsauni. Na fara a ladabce, murya ƙasa. Kafin in farga na naɗe hannun riga, ina rarrafe a kan tabarma, ina tafiyar da Giwar Ƙarfe ina cewa "gidim, gidim, gidim". Na toshe hanci don muryar matuƙi ta fito kamar ta cikin na'ura: "Sansani, sansani, abokan gaba sun kewaye mu!" Na ɗaga ta sama na yi ƙarar igwa da bakina, da dukkan ƙarfina, na jefa ƙwaya.

Ta mirgina ta tsaya a gaban Malam. Ɗaya.

"To, ta ci?" ya tambaya.

"Allah gafarta Malam... ta yi tuntuɓe ta faɗi."

Sai na ji dariya ta fashe daga bayan ƙofar cikin gida. Ashe duk matan da suka zo ganin lefe suna nan a laɓe, har da amarya. Ga ni a duƙe, hula ta karkace, ɗan yatsa a hanci. Alhaji Isiya ya juya fuska bango, kafaɗunsa suna rawa.

Malam bai yi dariya ba. Ya ɗauki Giwar Ƙarfe ya juya ta. "Ba fuska, ba ido. Wannan ai tarakta ce mai ƙafa." Ya tambaye ni ko wasan yana hana mu salla, na ce da an kira muke tashi. Ya ce: "Boka dai ba zai jefa abin da zai kunyata shi haka ba." Ƙwayoyin kuwa ya tattara ya sa a aljihu, ya ce malamai sun yi magana a kan irinsu, zuciyarsa ba ta kwanta da su ba. (Har yau lambobi muke zara daga cikin hular Dokta Sagir.) Sannan ya ce a je a sa rana.

Na yi godiya, na miƙa hannu zan kwashe rundunata. Sai muryar gwaggon amarya ta fito daga bayan ƙofa: "Kai, ango! Ina za ka da kayan ɗiyarmu? Abin da ya shigo cikin lefe ba ya komawa."

Na dubi Malam. Ya ce wannan hukuncin mata ne, ba ya shiga.

Yanzu shekarunmu da aure, da 'ya'yanmu. Giwar Ƙarfe tana cikin kabet ɗin Zulaihat, tsakanin kofuna da farantan jere, igwoginta suna fuskantar ƙofa. Duk Asabar sai na je na roƙi aro, wani lokaci a ba ni, wani lokaci a ce sai na dawo daga cefane. A Kurfi kuwa, in muryata ta fito a rediyo ina karanta labarin rikicin wata ƙasa, an ce Alhaji Isiya yakan ɗaga hannu ya ce a yi shiru, a ji ko ta yi tuntuɓe.

Sabbin ma'aikata har gobe ina yi musu karatun kanun labari da cikonsa. In suka tambaye ni misali, sai in ce su je su yi aikinsu.