Kebur ɗin da Ya Gaza da Yatsa Huɗu

Har gobe ba zan taɓa mantawa da shagon nan na bakin tasha ba. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne kebura a rataye jikin ƙusa kamar kayan hanji a rumfar mahauta, kowanne da tsayinsa.

Baba ne ya aike ni. Shi yake kawo ni makaranta cikin gari a kan babur daga gidanmu ta wajen Gayam, sai ciwon baya ya sa shi gaba, don dogo ne, kullum a duƙe yake tuƙi. Har an fara maganar in abin ya ƙi, a mayar da ni gidan Gwaggo a cikin gari da zama. Ni kuwa ba na son barin Inna. Da aka ba shi shawara ya sa dogon hannun babur, na fi kowa murna. Ya sayo shi, ga shi nan kamar ƙahon farin sa.

To, hannu in ya ƙara tsayi, sai duk abin da ke jikinsa ya ƙara: kebur ɗin birki, na kuloci, na totur, har wayar oda da ta fitila. Wayoyin Baba ya yi musu ƙari ya naɗe. Keburan kuwa ba a yi musu ƙari, sai sababbi. Ya murɗa kan babur hagu da dama, ya auna da igiyar rama, ya ba ni, ya ce kada in karɓo wanda bai kai ta ba.

Mai shago ya miƙo guda uku. Na gwada a ɓoye. Biyu sun kai, na totur ya gaza da yatsa huɗu. Na gani sarai (ni ce fa mai lura da maɓallin rigar Malama in ya kusa cirewa). Na buɗe baki, mutumin ya ce haka suke zuwa, 'yan mata, in gaishe da Baba. Na ce to. Na ma yi godiya.

A gida ma kunya ta hana ni faɗa. Baba ya ɗaura, ya tayar a tsaye, ya ji lafiya lau. Hanyarmu ta gefen daji kusan miƙaƙƙiya ce, ran Litinin muka taho yana zaune cak, yana cewa rabonsa da jin daɗin bayansa haka tun kafin damina.

Mun iso ana tsaye a layi, ana addu'a, makaranta tsit. Baba ya murɗa kai gaba ɗaya zai juya a bakin ƙofa. Kebur ya ja totur da kansa. Babur ya yi wani irin ruri ya zabura, muka nufi kwandon mai awara, kular abincina ta yi gabas, takalmina ya yi yamma. Ni da malamai suke roƙo in ɗaga murya in ana kiran suna, sai ga ni na ƙwala:

"Baba, kama kuloci! Miƙe kan, kebur ɗin gajere ne!"

Ya kama, muka tsaya. Ba wanda ya ji ciwo sai awara. Ɗalibai suka fashe da dariya, Malama ta ce ashe dai ina da murya, kuma tana kaiwa har Saminaka. Daga ranar sunana ya koma Kebur.

Baba ya ɗauko mini takalmi, ya karkaɗe, ya tambaye ni a hankali yadda aka yi na sani. Na ce tun a shago na gani. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Uwata, ido ba baki ai rabin aiki ne."

Kunyar mutum ɗaya na guda, na kwashi ta makaranta guda. Ba ciniki ba ne mai riba.

Da aka tashi, muka wuce shagon, na karɓi kebur da igiyar, na ce Baba ya jira ni a waje. Na shiga, na shimfiɗa su tare a kan teburin mai shago, na dube shi.

"Malam, don Allah a canza mini. Wanda ya kai igiyar nan nake so."