Rasuwar Zuƙau, Maciyin Ƙurar Ɗakin Saba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da atishawa, ni mai kula da ɗakin saba, inda manyan kwamfutocin ofishinmu suke, nake sanar da rasuwar abokin aikina Zuƙau, injin zuƙe ƙura. Ya cika ranar Litinin da hantsi a bayan kabad na uku, yana bakin aiki, bayan shekara tara yana hidima.

Marigayin mai haƙuri ne da kawaici. An ja shi da wuya, an taka masa waya, ya sha karo da ƙafar tebur, bai taɓa kai ƙara ba. Shi ke bin sawun Akanta, wanda ke shigowa da takalmi duk da takardar da na manna a ƙofa, wai sanyin ɗakin kawai ya zo sha. Shi ya rufa wa Sakatariya asiri ranar da ta ci biskit a gaban fankar saba. Duk yabon tsabtar da na sha a ofishin nan, gumin Zuƙau na ci.

Da ƙuruciyarsa muryarsa “wuuuu” ce, har hawa na biyu ana jin ta. Bara ta koma “hiii”. Ranar Litinin ya ce “kof, kof”, ya yi ɗan ƙauri, ya yi shiru.

A nan tsakiya zan faɗi abin da ya kashe shi, don na san Oga ba ya wuce layi uku a kowace takarda. Shekara uku ke nan wata 'yar jar fitila tana ci a goshin marigayin. Ni na ɗauka alamar himma ce, har nuna wa baƙi nake yi. Da mai gyara ya buɗe cikinsa, sai ya dube ni ya tambayi yaushe rabon da a zazzage jakar. Sai a ranar na san yana da jaka. Ashe bawan Allah cewa yake ya ƙoshi, ni kuwa ina ta ƙara masa. Wallahi na ji kunya, kuma na yi kewarsa.

Ya rasu ya bar dogon tiyo guda, da baki uku, ɗaya bai taɓa fita daga leda ba, da saba goma sha biyu waɗanda tun jiya fankokinsu ke kuka. Ya kuma bar Tsintsiya, wadda aka haramta wa ɗakin saboda ta da ƙura, ga ta yanzu jingine a bakin ƙofa tana jiran a neme ta. Sai ni. Ranar Alhamis masu duba tsabta za su zo da farar safar hannu, kuma Oga ya rantse in yatsa ɗaya ya fito da launi, in ajiye katin ƙofa in kama gabana.

Za a raka marigayin zuwa sito ranar Laraba da ƙarfe huɗu, cikin kwalin da ya zo da shi. Za a karɓi gaisuwa a ɗakin saba. A tuɓe takalmi a waje, har da Akanta. Kada a zo da abin ci. Kowa ya riƙo tsumma mai tsabta, za a nuna masa kabad ɗin da zai tsaya a gabansa. Wanda kuka ya ci ƙarfinsa ya yi a kan tsummansa, da ɗan danshi aka fi son shi.